Ga Kwamfuta a Falo, Amma An Ce Ba a Gan Ta Ba

Shirin namu na yau na gidan da ke da kwamfuta fiye da ɗaya ne, ko ɗan shagon buga takardu, ko masu haɗa bidiyon biki da ke aiki da na'ura biyu a kan rauta ɗaya.

Ga yadda abin yake faruwa. Bidiyon ɗaurin aure na kan babbar kwamfutar falo, kana so ka jawo shi zuwa laftof ɗinka a ɗaki. Ka riga ka buɗe foldar don a raba. Ka rubuta sandar nan mai karkata baya guda biyu, ka bi ta da sunan kwamfutar, mu ce FALO, ka danna. Sai Windows ta yi jim, ta fito da saƙon cewa ba ta sami hanyar ba, wani lokaci har da lamba 0x80070035. Mai Linux da ya gwada scp, shi kuma a ce masa an kasa gano sunan. Alhali ga kwamfutar can a kunne, kana jin ƙarar fankarta. Yawancin mutane a nan suke haƙura, su nemo filash.

To, kafin a kai ga filash, akwai tambaya ɗaya da ke raba gardama: hanyar ce ta toshe, ko sunan ne ba a gane ba? Matsala biyu ce daban, maganinsu ma daban, kuma wanda bai raba su ba zai kwana yana taɓa abin da lafiyarsa ƙalau.

Kwamfutoci ba da suna suke kiran juna ba, da lamba ne. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura lambar adireshi da zarar ta shigo, irin su 192.168.0.12. Je wurin kwamfutar falo, buɗe baƙin allon umarni, rubuta ipconfig idan Windows ce, ko ip addr idan Linux ce, ka kwafe lambar a takarda. Dawo kan laftof, ka sa lambar a inda ka sa suna ɗazu. Idan foldar ta buɗe, alhamdu lillahi, hanya lafiya lau, suna ne ya maƙale. Idan ba ta buɗe ba, ka manta da batun suna tukuna. Duba kashi ukun farko na lambobin na'urorin biyu. In ɗaya tana 192.168.0 ɗayar kuma tana 192.168.8, to ba a layi ɗaya suke ba. Sau da yawa laftof ce ta kama MiFi ko hotsifot ɗin wayar wani ba tare da an lura ba. Haka kuma layin baƙi da wasu rautoci ke da shi, an yi shi ne musamman don kada na'urori su ga juna. Sannan Windows takan ɗauki sabon layi a matsayin na bainar jama'a, ta rufe ƙofofinta, sai ka shiga saiti ka gaya mata cewa wannan layin na gida ne.

Yanzu mu ɗauka lamba ta yi aiki. Ta yaya kwamfuta ke mayar da suna lamba?

Kamar baƙo ne ya shigo unguwa yana neman gidan wani. Ko dai ya duba ɗan littafinsa na aljihu, ko ya je wurin mai unguwa, ko ya tsaya a bakin layi ya yi cigiya da ƙarfi har mai sunan ya amsa. Hanyoyin nan uku su ne kwamfuta ke bi, kuma kowacce da inda take tuntuɓe.

Littafin aljihu shi ne wani ɗan fayil mai suna hosts. Tsoho ne ƙwarai. A shekarun 1970, lokacin ARPANET, kakar intanet, fayil ɗaya tak ne ke ɗauke da sunayen dukan kwamfutocin da ke kan layin, ana kula da shi a cibiyar bincike ta SRI a jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙarƙashin wata mata mai suna Elizabeth Feinler. Kowa sai ya kwafo daga can. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, shi ne Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Amma fayil ɗin bai mutu ba. Har yau yana cikin kowace kwamfuta, a foldar etc, kuma galibi shi ake fara dubawa. Abin da aka rubuta a ciki, ko daidai ne ko kuskure, shi kwamfuta za ta bi.

Mai unguwa kuwa shi ne DNS, kuma a gida rauta ce ke riƙe da wannan muƙami. Wasu rautocin sukan rubuta sunan duk na'urar da suka ba lamba, in an tambaye su su faɗa. Wasu kuma, musamman ƙananan nan na aljihu, ba ruwansu, tambayar kawai suke miƙawa waje. Ga wani tarko da masu son gyare-gyare ke faɗawa: an ce musu intanet zai fi sauri in suka mayar da DNS ɗinsu 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, suka kuwa mayar. Ba laifi. Sai dai Google bai san wata FALO a gidanka ba, kuma ba zai taɓa sani ba. VPN ma haka take yi, ta kwashe tambayoyin ta kai wata ƙasa. Don haka in abu yana aiki jiya yau ya ƙi, fara kashe VPN ka sake gwadawa.

Sai cigiya, kuma a nan ne rikicin ya fi yawa, domin ba harshe ɗaya ake yin ta da shi ba. Windows ta taso da NetBIOS, wanda aka ƙirƙira tun 1983, kuma ba ya ɗaukar suna mai haruffa fiye da 15. Ka raɗa wa kwamfuta dogon suna, shi zai datse wutsiyar, kai kana kiran cikakke, ita tana amsa guntu. Daga baya Microsoft ta ƙara wani mai suna LLMNR a zamanin Windows Vista. Apple kuma ta bi tata hanyar tun 2002, abin da yanzu ake kira Bonjour, wato mDNS, inda kowane suna ke ƙarewa da ɗigo local. Linux na jin wannan harshe ta wata manhaja mai suna Avahi. Shekara da shekaru ke nan na'ura uku a ɗaki ɗaya, kowacce na kira da yarenta.

Abin daɗin shi ne an fara haɗuwa a wuri ɗaya. Windows 10 da 11 suna jin mDNS, kuma a 2022 Microsoft ta bayyana cewa can ta dosa, za ta riƙa janye tsofaffin biyun. Saboda haka gwaji mafi arha, mai sauraro, shi ne ka ƙara ɗigo local a bayan sunan. Maimakon falo, ka rubuta falo.local. Wannan kaɗai yakan kashe maganar. In Linux ce ke ƙin ganewa, ka tabbata an girka Avahi da ɗan'uwansa libnss-mdns, sannan ka leƙa fayil ɗin nsswitch.conf, layin da ya fara da hosts. Wannan layin shi ne jerin waɗanda za a tambaya, bi da bi. In babu mdns a ciki, galibi kwamfutar ba za ta yi cigiyar ba.

A tuna kuma, cigiya ba ta tsallake rauta. Gidan da aka jona rauta ta biyu don sigina ta kai sashen baya, in ba a saita ta a matsayin mai miƙa sigina kawai ba, an raba gidan gida biyu ke nan. Kowa na samun intanet, amma kiran wannan ɓangare ba ya isa wancan.

Bari in ɗan yi tsokaci a kan wani umarni da ke ruɗa ko da masu gyara, wato nslookup. Mutum zai rubuta shi da sunan kwamfuta, a ce babu, ya yanke hukuncin cewa komai ya lalace. Shi nslookup DNS kaɗai yake tambaya. Ba ya buɗe fayil ɗin hosts, ba ya cigiya. In kana son ganin abin da kwamfutar ke gani da gaske, yi ping da sunan, ka kalli lambar da ta bayyana a layin farko. Ko da amsa ba ta dawo ba, don katangar tsaron Windows takan haɗiye ping, fitowar lambar ta nuna an gano sunan. A Linux, getent hosts shi ne mai gaskiyar.

Akwai kuma masu ƙorafin cewa da can suna buɗe sashen Network su ga kwamfutocin gida a jere, yanzu wayam. Wannan jerin a da ya dogara ne da tsohon tsarin raba fayil, SMB1. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a cikinsa ta kulle dubban ɗaruruwan kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Birtaniya. A ƙarshen shekarar Microsoft ta fara cire shi daga sababbin Windows 10. Za ka tarar da masu ba da shawarar a sake kunna shi. Ni dai ban goyi baya ba ko kaɗan: don ganin ɗan hoton kwamfuta a allo ba a buɗe wa ɓarawo taga. Rashin ganinta a jeri ba ya nufin ba za a iya kiranta da suna ba. Wanda kuma ya matsu sai ya ga jerin, to Windows tana da sabuwar hanyar sanar da kanta, in an kunna gano na'urori a saitin layin gida, mai raba fayil da manhajar Samba a Linux kuma ya girka wata ƙaramar manhaja, wsdd.

Saura batun wuta, wanda mu muka fi kowa saninsa. An ɗauke wuta, rauta ta mutu, an tayar da janareta, na'urori sun dawo ba bisa jerin da suka shigo da farko ba. Wata rautar takan manta rabon da ta yi, lambar da ke hannun kwamfutar falo da safe ta koma hannun wayar yaro da yamma. Wanda ya rubuta tsohuwar lamba a fayil ɗin hosts yanzu ya shiga uku, don kwamfutarsa za ta yi ta buga ƙofar da ba ita ba, ba ta ko tambayar kowa. Shi ya sa nake ganin hosts ya zama dabarar ƙarshe. In dole sai an yi amfani da shi, a fara shiga shafin rauta, a nemi inda ake keɓe lamba, a ɗaure lamba ɗaya ga kwamfutar falo har abada. Bayan kowane canji, mai Windows ya rubuta ipconfig /flushdns don ta zubar da tsofaffin amsoshin da ta adana.

In kuwa ka rubuta suna sai ga akwatin neman sunan mai amfani da kalmar sirri ya fito, to an gano sunan, an isa ƙofa. Abin da ake nema a nan shi ne asusun da ke kan kwamfutar falo, ba na laftof ɗin da ke gabanka ba, kuma kalmar sirrin asusun ce, ba lambobin PIN da kake buɗe allo da su ba.