Lissafin cututtuka na kowane mako: ta yaya ake gane yana aiki?

Da yawanku sun tambaye mu dalilin da ya sa masu zagaya gida-gida suke yawan tambaya, "Akwai mai gudawa? Akwai yaro mai ƙuraje?"

A Kamaru, kowane ƙaramin asibiti yana ƙidaya masu cututtukan da ke saurin yaɗuwa, kamar kwalara, ƙyanda, sanƙarau da zazzaɓin shawara. Duk mako yana aika lissafin ga ofishin lafiya na gundumarsa, kamar na Tibati, daga nan zuwa babban birnin yankin, kamar Ngaundere, har Yawunde. Ko ba a ga mutum ɗaya ba, dole a rubuta sifili a aika, don shiru ba ya nufin lafiya lau.

Masu duba aikin suna tambaya: asibitoci nawa suka aiko, kuma nawa suka aiko kan lokaci? Abin da ake nema aƙalla 80 cikin 100 ne. Suna kuma duba kwana nawa aka yi daga jin labari zuwa zuwan ma'aikata, da kwana nawa jini ko bayan gida ya yi kafin sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji na Centre Pasteur, wanda ke Yawunde da reshe a Garwa. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ana son a ɗauki bayan gidansa sau 2 cikin kwana 14, don a gane ko shan inna ne.

Amma a ganinmu takarda tana iya cika tsaf, cuta kuwa tana cikin ɗaki. Wanda aka ɓoye, ko aka binne ba a faɗa ba, ba ya shiga lissafin kowa. A Oktoban 2022 kwalara ta shiga sansanin Minawao, ta kashe mutum 3 a kwanakin farko. Babban mutum ma tana iya ƙarar da ruwan jikinsa cikin sa'o'i kaɗan.

Mun san wasu na tsoron a taɓa musu kati. Rajistar asibiti daban, ta abinci daban. In wani ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, ku ba shi ruwan gishiri da sukari, ku kai shi asibiti nan take, ko da dare ne. In kun faɗa amma yini ya wuce ba wanda ya zo, ku sanar da shugaban unguwa ko ofishinmu, mu rubuta ranar da sa'ar.