Yadda ake shimfiɗa raga kafin kwamfuta ta kwaikwayi igiyar ruwa

Kwamfuta ba ta iya lissafa motsin ruwa a dunƙule. Sai injiniya ya yanyanka tafkin gwajinsa na cikin kwamfuta zuwa ƙananan ɗakuna, dubbai ko miliyoyi, abin da ake kira raga. A kowane ɗaki, manhaja irin OpenFOAM, wadda aka saki kyauta a 2004, tana warware lissafin Navier-Stokes don gano gudun ruwa da matsinsa.

Wahalar tana inda ruwa ya haɗu da iska. Dabarar da Hirt da Nichols suka wallafa a 1981 tana ba kowane ɗaki lamba: 1 in ruwa ne zalla, 0 in iska ce, tsakaninsu in gauraye ne. Idan ɗakunan wurin suka cika girma, igiyar za ta riƙa lafawa tana tafe, saboda kuskuren lissafi kawai. Shi ya sa ake matse raga a nan, a sassauta ta can ƙasa.

Matsewar kuwa akwai tsada, domin dole a gajarta takun lokaci, wato tazarar da ke tsakanin lissafi da na gaba, kada ruwa ya tsallake ɗaki sukutum a taku ɗaya. A ƙarshen tafkin kuma ana ware yankin da zai shanye igiyar, kada ta dawo ta ɓata sakamako.