Kwalli da "Alcohol": Kalmomin Larabci da Suka Dawo Mana Cikin Rigar Turanci

Kwanan baya a teburin wani mai shayi na ji wani ɗan boko yana yi masa gyara, wai ba a cewa sukari, suga ake cewa. Mai shayin bai tanka ba, ya zuba masa cokali biyu ya miƙa masa kofinsa. Abin da su biyun ba su sani ba shi ne, kalma ɗaya ce ta iso ƙasar Hausa ta hanyoyi biyu. Sukari ta ratso Sahara daga "sukkar" ta Larabci. Suga kuwa ta biyo Turawa ta teku, amma ita ma "sugar" ɗin daga "sukkar" ta fito, bayan ta yada zango a Italiyanci da Faransanci. Su kansu Larabawa a wurin Farisawa suka karɓe ta, Farisawa kuma daga Indiya, inda asalinta ke nufin tsakuwa.

Irin waɗannan tagwaye suna da dama a bakinmu. Gahawa da kofi duk 'ya'yan "qahwa" ne, sai dai kofi ya bi ta Turkiyya ya zama "kahve" kafin fataken Turai su kai shi gida. Amma wadda ta fi ba ni mamaki ita ce kwalli. Wannan kwallin da iyayenmu mata ke rangaɗawa, wanda Larabawa ke kira "al-kuhl", shi ne kakan kalmar "alcohol". Turawa sun fara aron ta ne da ma'anar gari mai laushi ƙwarai, daga nan masu harhaɗa magunguna suka riƙa kiran duk abin da aka tace har ya kai matuƙa da wannan suna. A ƙarni na 16 likitan nan Paracelsus ya yi amfani da ita ga ruhin da ake tatsa daga giyar inabi, sannu a hankali ma'anar farko ta ɓace, ta bar barasa da sunan. Har Larabcin zamani ya sake karɓar kalmar a matsayin "kuhul". Wato abin ado na halal ya je yawon duniya ya dawo da sunan uwar laifuffuka.

A fagen lissafi ne labarin ya fi nauyi. A wajejen shekara ta 820, a birnin Bagadaza, Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya wallafa littafinsa a kan "al-jabr" da "al-muqabala". Ma'anar "jabr" ita ce mayar da abin da ya karye mazauninsa, ɗori ke nan, shi ya sa a tsohon Sifaniyanci ake kiran maɗori "algebrista". Robert na Chester ya fassara littafin zuwa Latin a 1145, daga nan aka sami "algebra" da ke sa 'ya'yanmu gumi a sakandare. Sunan marubucin kansa Turawa suka lanƙwasa ya zama "Algoritmi", wanda ya haifi "algorithm", tsarin lissafin da a yau ke zaɓar abin da mai karatu zai gani in ya buɗe Facebook. Sifirinmu kuma, wato "sifr", ya haifa wa Turanci kalmomi biyu: "cipher", da kuma "zero" wadda ta bi ta "zephirum" da Fibonacci ya rubuta a littafinsa na 1202.

To, a nan ne nake da ja da wasu masu laccarmu. Da zarar an kawo waɗannan misalai sai a ɗauki kabbara, a ce ai duk Turanci sata ne daga Larabci, har a shiga ƙirƙiro dangantakar da babu ita. Na sha jin ana cewa "sheriff" daga sharifi take. Ba haka ba ne. Tsohuwar kalmar Ingilishi ce da ke nufin wakilin sarki a gunduma, kamar dai hakimi, kuma kama da wane ba ta wane. Duk ranar da ɗalibi mai bincike ya gano ƙarya ɗaya irin wannan, zai fara shakkar sauran gaskiyar da aka gaya masa. Sannan malaman Bagadaza da muke tinƙaho da su ba su ɓoye inda suka yi aro ba: al-Khwarizmi da kansa lissafin Indiya ya kira waɗannan alƙaluma, "sifr" kuma fassara ce ta kalmar Indiyawa mai nufin wofi.

Abin da kalmomin nan ke shaidawa shi ne wanda yake da haja a kasuwa a wancan zamani. Bature bai ari "cotton" daga "qutn", ko "tariff" daga "ta'rif", ko "magazine" daga "makhazin", wato rumbuna, don ƙaunar Larabawa ba. Ya are su ne don auduga da kuɗin fito da ɗakunan ajiya suna hannun 'yan kasuwar Iskandariyya da Tunis, shi kuma yana buƙata. Haka mu ma muka karɓi mota da asibiti da makaniki ba tare da an yi mana dole ba.

Ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitarwa a 1884 aka kammala a 1928, yana bin kowace kalma ne da shekarar da aka fara ganin ta a rubuce, kuma har yau ana ƙara masa. A 2020 ya shigar da "Kannywood", a farkon 2025 kuma aka bayyana cewa ya karɓi "suya". Masu tukuba ne suka kai ta can, daga Legas har Landan.