Sahihi da Batili a Kan Ɗurin Bindigar Toka da Wankinta

Daga cikin maganganun da suka daɗe suna yawo a bakin mafarauta da 'yan bindigar hawan salla, har suka zama kamar nassi alhali ba su da isnadi, wadda ta fi shahara ita ce wai gwargwadon yawan albarushin da aka ɗura, gwargwadon kyawun saitin bindiga. Wannan da'awa batila ce. Baƙin albarushi yana bukatar tsawon bututu kafin ya gama ci, saboda haka idan aka ƙetare haddi, rarar ba ta ƙara wa harsashi sai ɗan gudu kaɗan, amma tana ƙara dukan kafaɗa, da dauɗar cikin bututu, da nauyin da ƙarfe ke ɗauka; maharbi kuwa, da zarar ya soma shakkar bindigarsa, hannunsa zai riƙa rawa tun bai ja kunama ba.

Abin da ya inganta shi ne kowace bindiga tana da nata mizani, kuma ba a gane shi sai da jarrabawa. Maharban Amurka, masu bindigogin da aka yi wa tsaga mai murɗawa a cikin bututu domin harsashi ya fita yana juyawa, sukan fara da kimanin giram 3 ga bindiga mai faɗin baki rabin inci, su yi harbi uku ko biyar a wuri guda, sannan su ƙara kaɗan, ba tare da sun sauya darma ko kaurin ƙyallen da ke naɗe ta ba, har su ga inda ramukan suka fi kusantar juna, kuma ba sa wuce iyakar da kamfanin da ya ƙera bindigar ya rubuta. Sai dai ina gargaɗi da babbar murya kada a yi kiyasin wannan adadi a kan adakar maƙeranmu, domin cikinta sumul yake, sau da yawa bututun ruwa ne asalinta, kuma ba ta bi ta gidan gwaji irin wanda aka kafa a Birmingham ta Ingila a 1813 ba, inda ake gwada bututu da ɗuri mai tsanani kafin a buga masa hatimi. Abin koyi a nan shi ne ma'auni ɗaya tabbatacce maimakon awon tafin hannu, kuma daga ma'aunin ake zubawa, ba daga bakin goran albarushi ba, saboda tartsatsin da kan saura a ciki.

Akwai masu cewa garin da ke cikin harsashin zamani ai albarushi ne, ana iya farke shi a ɗura. Wallahi wannan ita ce mafi muni. Garin nan marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙago a 1884, jinsinsa dabam ne, matsinsa kuma ya fi ƙarfin bututun adaka nesa. Idan ta tarwatse a hannun mai ita a ce sammu ne, alhali sababin a bayyane yake. Amma faɗar dattawa cewa wajibi ne a danna harsashi har ya zauna a kan albarushi, wannan gaskiya ce tsantsa, domin gurbin da aka bari tsakaninsu yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi.

Sai mas'alar wanki, inda na ga masu hankali ma suna tuntuɓe. Cewa suke yi ruwa abokin gabar ƙarfe ne, don haka mai kaɗai ya halatta a zuba. Rabin maganar daidai ne, amma hukuncin da aka gina a kanta kuskure ne, domin fiye da rabin nauyin baƙin albarushi ba ya zama iska, toka yake komawa, kuma wannan toka tana ɗauke da gishiri mai janyo laima, musamman da damina, ta haifar da tsatsar da ke cin bututu daga ciki inda ido ba ya gani. Mai ba ya narkar da gishirin nan, rufe shi kawai yake yi. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu ke fitar da shi, a ranar da aka yi harbin, a yi ta cuɗawa da tsumma har ya fito fes, a busar sarai, a tsabtace ƙofar wuta, sannan a shafa mai sama-sama, wanda za a goge kafin ɗuri na gaba don kada ya jiƙa albarushi.

Game da zancen cewa ɗurin da ya shekara a rataye ya mutu, wannan ma ba shi da asali, domin baƙin albarushi, muddin bai jiƙe ba, yana tashi bayan shekaru masu yawa. Wanda ya gaji bindiga sai ya cire hular wutarta, ya kau da bakinta daga mutane, ya zura sandar ɗuri ya yi mata alama, sannan ya gwada ta a jikin bututun daga waje. In ba ta kai ƙofar wuta ba, to akwai ɗuri a ciki, sai a kai wa masani ya fitar da shi.