Hanyar Antoa da Hanyar Sakawa: Me Masu Tsafi Suka Yi Imani da Shi?



'Yan'uwa, duk wanda ke zaune a Buokrom ya san titin da ya ratsa unguwarmu ya wuce Kenyase har Antoa. A can ne ake bautar rafin da ake kira Antoa Nyamaa. Ɗalibai sun sha tambayarmu abin da masu zuwa wurin suka yi imani da shi, kuma gara mu yi bayani da kanmu da su ji shi a bakin titi.

Mu fara da adalci. Addinin gargajiyar Asante ya san akwai Mahalicci, suna kiransa Nyame. Sai dai sun sanya wasu a tsakaninsu da Shi: abosom, wato iskokin rafi da dutse da itace, da kuma ruhin kakanni. Ba kowane mai bin wannan addini ne mugu ba. Mun zauna da su shekara da shekaru, mun yi cinikin goro, mun yi maƙwabtaka. Abin da muke magana a kai shi ne ɓangaren duhu, inda ake neman iska ta cutar da wani ko ta kawo kuɗi.

Tushensa ciniki ne. Mai tsafi yana ganin ƙarfin gaibu haja ce da ake saye: ka ba da ƙwai, giya, kaza ko jini, a biya maka buƙata. Wanda aka sace wa waya sai ya fasa ƙwai, ya tsiyaye giya, ya kira sunan rafin a kan ɓarawo. Wannan shi ne duabo. Sun yi imani cewa wanda aka tsine wa zai kumbura ya mutu, wataƙila har da danginsa, sai fa in an je Antoa an biya an warware. Ku lura da abin da babu a nan: babu shaidu, babu jin ta bakin wanda ake tuhuma, babu yafiya. Yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba yana iya shiga cikin tsinuwar.

Sakawa kuwa, abin kunya, kalmar tamu ce ta Hausa. Damfara ce ta intanet da aka haɗa da tsafi, wai don a ɗaure hankalin wanda za a cuta. A watan Afrilun 2021, a Kasoa, wasu samari biyu suka kashe ƙaramin yaro don neman kuɗin tsafi. Gana duka ta girgiza.

Alƙur'ani ya riga ya bayyana ƙarshen wannan ciniki. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta nuna cewa mai koyon sihiri cutar kansa yake koya, kuma ba ya iya cutar da kowa sai da izinin Allah. Aya ta 6 a Suratul Jinn ta ba da labarin mutanen da suka nemi tsarin aljannu, sai aljannun suka ƙara musu wahala. Annabi (SAW) ya lissafa sihiri cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.

Kada kuma mu yi ta nuna Antoa da yatsa mu manta da cikin zango. Akwai mai rawani da carbi da zai ce ka kawo baƙin bunsuru da sunan mahaifiyar abokin gabarka. Larabcin da yake rubutawa a allo bai canza komai ba. Cinikin nan ne dai, an sa masa jallabiya.

Wanda aka zalunta a cikinmu yana da liman, yana da sarkin zango, yana da 'yan sanda da kotu, kuma addu'arsa ba ta da shamaki tsakaninta da Ubangiji. Wanda kuma aka yi wa barazanar duabo, ya zo masallaci ya faɗa. In akwai haƙƙin wani a kansa ya mayar, mu kuma mu raka shi wurin sulhu.