David Heathcote da Nazarin Tarihin Fasahar Hausawa

1.0 Gabatarwa

A darussan al'ada an saba kawo ɗinki da dukanci da saƙa da rini da gini a ƙarƙashin sana'o'in gargajiya, inda ake bayanin kayan aiki da matakan gudanar da sana'a da sarautun da ke tattare da ita. Sai dai akwai wata fuska da ba a cika kula da ita ba, wato duban abin da mai sana'a ya samar a matsayin fasaha mai salo da tarihi da gwanaye. Wannan babi zai yi bayanin rayuwa da ayyukan David Heathcote, ɗaya daga cikin masanan da suka dubi sana'o'in Hausawa ta wannan fuska, sannan ya nuna abin da malamin Hausa zai tsinta daga aikinsa.

1.1 Ma'anar Tarihin Fasaha da Tarkenta

Tarihin fasaha fage ne na ilimi da ke bin diddigin abubuwan da ɗan Adam ya ƙawata da hannunsa, domin gano wanda ya yi su da lokacin da aka yi su da kuma yadda salonsu ya riƙa sauyawa. Tarken fasaha kuwa shi ne auna kyau ko naƙasun aiki bisa hujja, kamar yadda matarkin adabi yake auna waƙa ko ƙagaggen labari. Wannan fage ya yi ƙarfi a Faransa tun ƙarni na 18, lokacin da Denis Diderot ya riƙa rubuta sharhi a kan nune-nunen zane na birnin Faris daga 1759 zuwa 1781. Wani Bafaranshen kuma, Yves Urvoy, wanda ya yi aikin mulkin mallaka a Nijar, ya bar rubutu a kan fasahar al'ummomin ƙasar, aka buga shi a 1955, bayan mutuwarsa. A ɓangaren Nijeriya, Heathcote yana cikin waɗanda suka fi zurfafa bincike a kan ta Hausawa.

1.2 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi David Heathcote a Landan a 1931. Ya koyi zane a Kwalejin Fasaha ta Canterbury da Makarantar Slade da ke Landan. Ya fara zama a Afirka ne a Kudancin Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, kafin ya zo Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1967, inda ya koyar da tarihin fasaha har zuwa 1979. Sashen da ya tarar ya riga ya yi suna, domin tun a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta nemi a gwama dabarun zanen Turai da fasahar gida. Shi kuwa Heathcote sai ya karkata ga abin da ake yi a zauruka da kasuwanni. Bayan ya bar Zariya ya koma koyarwa a Canterbury.

1.3 Hanyar Bincikensa

Abin da ya bambanta aikinsa shi ne zama da masu sana'a. Ya ɗauki hotuna, ya tattara kayayyaki, ya rubuta sunayen zane-zane kamar yadda masu su suke kiran su. Hasali ma wasu maƙalunsa a kan mutum guda suka tsaya: akwai wadda ya rubuta a 1972 a kan wani maɗinki na Katsina, da wata a 1974 a kan wani baduku na birnin Zariya. Wannan ya saɓa wa tunanin da ya daɗe a Turai, na ɗaukar fasahar Afirka a matsayin aikin ƙabila wanda ba a san mai shi ba. Kundin digirinsa na uku, wanda ya kammala a Zariya a 1979, a kan adon ɗinkin tufafin Hausawa ya yi shi.

1.4 Babbar Riga a Idon Mai Nazari

Domin fahimtar irin wannan nazari, a ɗauki misalin riga mai aska takwas. Kafin ta kai ga mai sawa, takan bi ta hannun masaƙi, da wanda ya harhaɗa ƙyallayen, da mai zane wanda yake fitar da siffofin da tawada, da mai cika zanen da allura, da kuma mabugi. A bisa al'ada masu zane da ɗinki da dama malamai ne ko almajirai, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga dangantaka tsakanin adon riga da zayyanar allo ko hatimi.

Kowace siffa tana da suna da mazauni. Asake su ne siffofi masu tsini da ke gangarowa a kan aljihu. Tambari shi ne zagayen da ke nannaɗe a ɗaya ɓangaren ƙirji da kuma baya. Akwai gidan biyar, akwai dagi, akwai linzami a wuya. Zaren ma yana da labari: tsamiya silikin gida ce, alharini kuwa a da ta hanyar fataucin Sahara yake shigowa. Mai nazari yakan tambaya: me ya sa aikin wannan gwani ya fi na wancan tsari? Yaushe wannan siffa ta shigo? Daga ina? Amsoshin su ne suke mayar da riga ta zama madogarar tarihi.

1.5 Nunin Landan na 1976

A 1976 aka gudanar da Bikin Duniyar Musulunci a Landan. A cikinsa Heathcote ya shirya nunin fasahar Hausawa a Cibiyar Ƙasashen Renon Ingila, tare da littafi mai suna The Arts of the Hausa. An baje riguna da huluna da kayan dukanci da kayan doki da ƙore da faya-fayai da alluna. Muhimmancin nunin shi ne ya sanya aikin Bahaushe a sahu ɗaya da na Larabawa da Farisawa da Turkawa a matsayin reshe na fasahar Musulunci. A ƙarshen shekarun 1970 ya shirya fim a kan wannan batu, daga baya kuma kayan da ya tattara da dama suka shiga Gidan Tarihin Birtaniya.

1.6 Darasi ga Malamin Hausa

Duk da ƙimar wannan aiki, akwai giɓin da ya bari. Da Ingilishi aka rubuta shi, kayan kuma suna Landan, nesa da jikokin waɗanda suka yi su. Bugu da ƙari, ɗinkin keke da na kwamfuta sun rage yawan masu aikin hannu, kuma duk gwanin da ya rasu ba a tambaye shi ba, yakan tafi da kalmomin da babu su a ƙamus.

A nan ne aikin malami yake. Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji Barkiya ko Kurfi ko Dutsin-Ma ba ya buƙatar gidan tarihi kafin ya fara. Yana iya sa 'yan ajinsa su kawo hula ko faifai ko ƙwarya daga gida, su binciko sunan zanen da ke jiki da wanda ya yi shi da wurin wanda ya koya. Da wannan za a koyar da al'ada, a faɗaɗa rumbun kalmomi, a kuma saba wa yara da rubutun siffantawa a darasi guda.

1.7 Kammalawa

Babin ya nuna yadda Heathcote ya shafe shekara 12 a Zariya yana nazarin sana'o'in Hausawa a matsayin fasaha mai gwanaye da tarihi. Hausawa kan ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ci gaba da wannan nazari cikin harshen Hausa nauyi ne da ya rataya a wuyan malaman da ake horarwa.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin tarihin fasaha da tarken fasaha.
2. Kawo siffofi huɗu na adon babbar riga tare da bayanin biyu daga cikinsu.
3. Ziyarci wani mai sana'ar hannu a garinku, ka rubuta sunayen zane-zane biyar da yake amfani da su.