Eriya Mai Sauraron Lafiyar Gini: Darasi Ga Boɗinga Da Shagari

Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Magina na gargajiya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa kafin damina ta faɗi sukan zagaya soro suna duba tsaga, su yi yaɓe. Amma gada da madatsar ruwa ba su dubuwa da ido kaɗai, domin lalacewarsu kan faro ne daga inda ido bai kai ba.

Ƙasar Hausa ta ɗanɗana wannan masifa. A 1988 madatsar Bagauda ta Kano ta ɓalle, ta ci rayuka da gonaki. A watan Satumba na 2010 kuma ambaliyar Gulbin Rima ta yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da birnin Sakkwato. Saboda haka tilas a damu da madatsar ruwa ta Shagari, da gadoji da kwalbatocin babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Jega, wadda manyan motoci ke bi dare da rana.

A Amurka, wata gada ta birnin Miniyafolis ta rufta a 2007, mutum 13 suka halaka. Wadda aka gina a gurbinta a 2008 an sanya mata na'urorin awo fiye da 300. Sai dai irin waɗannan na'urori suna bukatar wayoyi masu tsawo da tsada. Wannan ya sa masana, musamman a Jami'ar Texas da ke Arlington wajen 2009, suka juya ga eriya.

Eriyar nan ɗan falle ne na jan ƙarfe a kan siririn faifai da wuta ba ta ratsawa, ana manna ta a jikin ƙarfe ko kankare. Kowace eriya tana da muryarta, watau yawan kaɗawar saƙon rediyo da take amsawa, wanda tsawonta ke ƙayyadewa. Kamar yadda muryar kalangu ke sauyawa idan makaɗi ya matsa tsarkiya, haka idan nauyi ya ja ƙarfen gada, ko tsaga ta buɗe, eriyar kan miƙe, muryarta ta sauka. Injiniya sai ya aika mata saƙo da na'urar karatu, ta mayar da amsa, daga nan ya gane girman miƙewar. Ba ta bukatar waya, wasu ma ko batir ba su bukata.

Duk da haka akwai cikas. Marar batir ba a karanta ta sai daga kusa. Zafi kuma yana sauya halin faifan, ya jirkita muryar ko da gini lafiya yake. A ƙasar Sakkwato, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, dole a zaɓi kayan da ke jure rana, a kuma riƙa cire tasirin zafi daga lissafi. Bugu da ƙari, ta fi dacewa da ƙofofin ƙarfe da magudanar kankare. Jibgin ƙasa na madatsa sai ma'aunin laima.

A taƙaice, na'ura sanarwa take yi, ba gyara ba. Idan ta yi ƙara babu mai ɗaukar kayan aiki, amfaninta bai kai na magini guda mai yaɓe kafin ruwan farko ba.